Wai da gaske an taɓa yin jirgin ƙasa mai bin titi a cikin Legas?

Tambayar da wani ƙanina mai sana'ar kayan gwari a Mile 12 ya turo min kenan: "Salam Yaya, dan Allah wani dattijo a unguwarmu a Agege yace wai tun zamanin Turawa akwai ƙaramin jirgin ƙasa da yake yawo a cikin titunan Ikko kamar mota, mu kuma mun ɗauka wannan na Marina zuwa Mile 2 shine na farko. Da gaske ne? In da gaske ne me ya kashe shi, kuma ya akai muka koma danfo da achaba?"

Wa'alaikumussalam ƙanena. Baban nan bai yi maka ƙarya ba, gaskiya ya faɗa maka, duk da shi kansa da wuya ace ya gani da idonsa sai dai ya ji a bakin iyayensa, don abin ya daina ɗaukar fasinja tun kafin a haifi kakannin yawancinmu. Sunan irin wannan jirgi taram, wato ƙaramin jirgin ƙasa da ake shimfiɗa masa dogo a kan titin da mutane da motoci suke bi, ba a killace shi ba, yana tsayawa nan kusa nan kusa yana sauke mutane yana ɗauka. Legas ta yi nata daga 1902. Ni na daɗe a aikin tsara hanyoyin sufuri na birane kuma na zauna Agegen nan taku shekara da shekaru, toh wannan labari yana cikin abubuwan da suke min ciwo a rai, bari in baka shi yadda yake.

Ka fara kallon yanayin garin tukuna. Asalin Legas tsibiri ce, Eko, inda fadar Oba take da kasuwanni da ofisoshin Turawa da bakin ruwan da ake sauke kaya. A lokacin mutanen garin basu wuce dubu 40 da ɗoriya ba. Turawa sun fara gina reluwe a 1896 don kwaso kayan gona daga cikin ƙasa, zuwa 1901 dogo ya kai Ibadan, amma matsalar itace tashar ƙarshe ta tsaya a Iddo, shi kuma Iddo wani ɗan tsibiri ne daban, ruwa ya raba shi da cikin gari. Kaga kenan mutum ya sauka daga jirgi da kayansa amma har yanzu bai shiga Ikko ba. A 1901 aka gama gadar Carter wadda ta haɗa Iddo da tsibirin, sai dai babban jirgi bai haye ta ba, sai aka yanke shawarar a shimfiɗa siririn dogo a kanta a sa ƙaramin jirgi mai aiki da tururi ya dinga jigila tsakanin tasha da gari. A watan Mayu na 1902 aka buɗe shi, zamanin gwamna William MacGregor.

Hanyar da yake bi in ka san tsibirin zaka gane ta tsaf. Ya taso daga Iddo, ya haye Carter, ya biyo ta Ebute Ero da Idumota da wajen kasuwar Ereko, ya fito bakin ruwa wajen kwastan, sannan ya miƙe ta Marina har wajen gidan gwamna da unguwar Turawa ta kusa da filin sukuwa, wanda yanzu ake kira Tafawa Balewa Square. Kuma a wancan lokacin Marina bakin ruwa ce sosai, duk wannan filin da kake gani yanzu da manyan tituna daga baya aka cike ruwa aka samar dashi. Faɗin dogon ƙafa biyu da rabi ne, alhali na babban reluwe ƙafa uku da rabi ne, don haka taragon wancan baya hawa kan wannan, dole a sauke kaya a sake lodi a Iddo. Kawunan jirgin daga kamfanin Hunslet na garin Leeds a Ingila aka kawo su. Ka ɗan auna abin a ranka, kan jirgi yana huci yana fitar da hayaƙin kwal, yana ratsa tsakiyar Idumota a hankali, mata masu talla suna janye farantansu daga kan dogo, ga 'yan dako ga akawu-akawun gwamnati da fararen kaya a zaune a ciki.

Irin wannan siririn dogo mu ma a Arewa an yi mana shi fa. Lugard ya shimfiɗa ɗaya tsakanin Zungeru da Wushishi a farkon shekarun 1900 don haɗa hedikwatarsa da inda jirgin ruwa yake iya zuwa a kogin Kaduna, sannan akwai wanda ya tashi daga Zariya ya hau tsaunin Jos saboda kuza, shi sai 1957 aka rufe shi. Duk faɗinsu ɗaya da na Legas.

Akwai ɓangare na biyu da mutane basu cika son faɗa ba amma shine ya fi daɗewa. A 1906 aka ƙara wani reshe na tsafta, aikinsa kwasar bahaya. Lokacin gidajen tsibirin bokiti ake amfani dashi, tunda ƙasar ruwa ce ba'a iya haƙa shadda mai zurfi, toh da daddare masu kwasa, waɗanda Yarbawa suke kira agbepo, su tattaro bokitai su kai inda jirgin yake tsayawa, shi kuma ya ja taragun zuwa bakin ruwa can wajen gari a zubar. MacGregor likita ne, maganar sauro da ƙazanta ta dame shi ƙwarai, daga irin tunanin zamaninsa wannan tsari ya fito duk da shi ya bar Legas kafin a buɗe reshen. Jirgin fasinja ya tsaya a farkon 1914, shekarar da aka haɗe Kudu da Arewa, amma na bahaya yaci gaba da aiki har 1933. Shi yasa in ka ga an rubuta 1902 zuwa 1933 to duka biyun aka haɗa, na mutane shekara goma sha ɗaya da 'yan watanni kawai yayi.

Me ya kashe shi? Da yawa zasu ce maka mota ce. Ni ban yarda ba, don a 1913 motocin da suke Legas basu taka kara sun karya ba, kuma mutane suna hawan jirgin, ba rashin fasinja bane. Abinda ya faru shine kawunan jirgi da taragun da aka siyo tun farko su aka yi ta mora har suka gaji, ba'a ware kuɗin sabunta su ba, kuɗin tikiti baya rufe ɗawainiya, da lokacin sayen sababbi yazo sai gwamnati ta duba aljihunta tace a rufe. Kuma ka tuna tun asali ba don talakan Ikko aka yi shi ba, an yi shine don haɗa tashar reluwe da kwastan da ofisoshin gwamnati, shi yasa ba'a taɓa miƙa shi zuwa inda garin yake faɗaɗa ba. Da aka gina tashar jiragen ruwa ta Apapa a shekarun 1920 dogo ya shiga can kai tsaye, sai ya zama kayan fitarwa, harda gyaɗarmu da fatunmu da suke gangarowa daga Kano tun da dogo ya haɗe a 1912, basa buƙatar shiga tsibirin kwata-kwata, toh wa zai sake tuna ƙaramin jirgi.

Abinda yake ƙara min takaici shine Legas tana da wutar lantarki tun ƙarshen shekarun 1890 amma jirgin bai taɓa komawa lantarki ba. Dubi Masar, Alƙahira ta fara taram mai lantarki a 1896, Iskandariyya kuwa tun 1863 ta fara nata da dawakai, ta koma tururi, ta koma lantarki a 1902, wato shekarar da mu muke fara namu, kuma suka riƙe abinsu sama da shekara ɗari da hamsin suna gyarawa suna canja taragu. Ba wai Legas kaɗai ta yi watsi da taram ba, Landan ma ta cire nata a 1952, Faris tun kafin yaƙin duniya na biyu, amma su sun cire ne suna da jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas-bas na hukuma masu tsari, kuma daga baya da suka ga cunkoso ya ishe su sun dawo dashi, Faris ta sake buɗe sabon layi a 1992. Mu da muka cire babu abinda aka ajiye a gurbinsa.

Gurbin nan 'yan kasuwa ne suka cike. Cikin na farko-farko akwai wata mata, Charlotte Obasa, da ta kafa kamfanin motocin haya mai suna Anfani, kalma ɗaya ce da amfani tamu. Daga baya wani Bagirke, Zarpas, ya kafa kamfanin bas a ƙarshen shekarun 1920 ya mamaye harkar har zuwa 1958 da hukumar gari ta karɓe ta mayar dashi na gwamnati. A gefe kuma ga bolekaja, babbar mota mai bodin katako da benci a ciki, ma'anar sunan da Yarbanci "sauko mu yi faɗa", saboda matsin ciki ba wajen da mutum zai ɗaga hannu in rigima ta tashi sai an sauka. Bas ɗin gwamnati kuwa labarinsu iri ɗaya ne da na jirgin, a siyo sababbi da biki, shekara biyar babu kayan gyara, a jere su a gareji ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu, a sake canja wa hukumar suna a sake siyowa.

Shi kuma garin bai tsaya jiran kowa ba. Aka buɗe Yaba, aka kwashe mutane daga tsakiyar tsibiri aka kaisu Surulere a shekarun 1950, masana'antu suka tashi a Ikeja da Apapa, Mushin da Oshodi da Agege suka cika, ƙidayar 1963 ta nuna birnin kaɗai ya haura mutum dubu 660. Kowa yana kwana a wannan ƙetare yana aiki a wancan ƙetare, gada kuma ɗaya ce har sai da aka gama ta Eko a shekarun 1970, ta uku kuwa sai 1990. Gosulo yayi tsanani har a 1977 gwamnati ta kawo dokar lamba, yau motoci masu lambar mara su shiga gari gobe masu cika, masu kuɗi suka sayi mota biyu aka koma gidan jiya.

A wancan zamani ne molue ta zama sarauniyar titi. Ni na hau ta ba adadi daga Oshodi. Doguwar bas ce ruwan ɗorawa da aka ƙera mata bodi a nan gida a kan injin babbar mota, galibi Marsandi, bata tsayawa cak sai dai ta rage gudu ka bi ta da sassarfa ka kama ƙarfen ƙofa, kwandasta yana rataye a waje da kuɗi a naɗe tsakanin yatsunsa yana ihu "wole pelu change e", wato ka shigo da canjinka, a ciki ga mai tallan maganin basir ga mai wa'azi, na tsaye sun ninka na zaune, in zaka sauka ka ɗaga murya kace "owa" tun da nisa in ba haka ba a wuce da kai. Wata rana da yamma na ga wata tsohuwa da buhun garin rogo ta kasa kamo ƙofar har sau biyu, sai da wasu samari biyu suka sauko suka ɗaga ta da buhun suka tura ciki sannan suka bi motar da gudu. Tun ranar nake cewa duk tsarin sufurin da sai mai ƙarfi ne zai iya hawa to ya bar rabin gari a baya. An hana molue hayewa tsibiri a 2013, yanzu da wuya ka ganta, danfo, ƙaramar bas ɗin haya, ce ta rage.

Kuma kada ka zagi direban danfo kafin ka san lissafinsa. Motar ba tashi bace, kullum akwai balas da zai kai wa mai ita, ga mai, ga kuɗin 'yan agbero, wato 'yan kamasho, a kowace tasha, ga na kan hanya, abinda ya saura bayan duk wannan shine nashi da yaronsa. Mutumin da cin abincinsa ya dogara da yawan kawunan da ya ɗauka dole yayi tsere, dole ya tsaya a tsakiyar titi, dole ya ƙi tashi sai mota ta cika. Tsarin ne ya haifi halin.

Dama mafi girma da aka samu ta gyara abin itace ta zamanin Lateef Jakande, gwamnan farar hula daga 1979 zuwa 1983. Ya ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Faransa a gina jirgin cikin gari, aka aza harsashi a 1983, ya kuma sa jiragen ruwa na fasinja tsakanin Mile 2 da Marina. Sojoji suka yi juyin mulki a ƙarshen shekarar, a 1985 gwamnatin Janar Buhari ta soke aikin a lokacin da ake fama da bashi da tsuke bakin aljihu, rigimar kwangilar ta ƙare da asarar maƙudan kuɗi ba tare da an samu ko kilomita ɗaya ba. Alƙahira da ta fara nata kusan lokaci ɗaya da taimakon Faransawan ta buɗe layin farko a 1987. Shekara talatin da takwas aka ƙara daga 1985 kafin ɗan Legas ya hau jirgin cikin gari.

A cikin waɗannan shekaru ne achaba ta shigo, su suna ce mata okada, sannan Keke Marwa da ta samo sunanta daga Buba Marwa, gwamnan soja daga 1996 zuwa 1999. Nan ne labarin ya taɓa mu kai tsaye don kai ma ka sani yawancin yaran da suke kan babur a Apapa da Mile 2 da Agege da Idi-Araba 'yan uwanmu ne daga Arewa da Nijar. Dokar hanya ta 2012 ta hana su manyan tituna, a 2020 aka hana a wasu ƙananan hukumomi, a 2022 aka ƙara tsanantawa ana kama babura ana niƙewa. Na san haɗarin achaba, na ga ɗakin masu karaya a asibiti, amma achaba bata faɗo daga sama ba, ramin da jirgi da bas suka bari ta shiga, kuma in ka hana ta baka kawo abinda zai kai mutum daga bakin titi zuwa lungunsu ba to wahala kawai ka ƙara wa fasinja da mai babur ɗin gaba ɗaya.

Gyara na gaske ya fara ne da aka kafa hukumar sufurin Legas mai suna LAMATA a farkon shekarun 2000 da tallafin Bankin Duniya. A watan Maris 2008 aka buɗe BRT, wato manyan bas masu layinsu daban, daga nan Mile 12 ɗinku zuwa CMS da ke bakin Marina, kilomita 22, daga baya aka miƙa ta Ikorodu. Sirrin BRT ba bas ɗin bane, layin da aka ware mata ne da kankare, kuma dabarar da aka yi mai kyau itace an jawo ƙungiyar direbobi cikin harkar tun farko maimakon a kore su. Sai Blue Line, wato jirgin Marina zuwa Mile 2 da ka ambata, wanda aka fara gini wajen 2010 ya daɗe yana jan ƙafa, Buhari ne ya ƙaddamar dashi yana shugaban ƙasa a Janairu 2023, ya fara ɗaukar fasinja ranar 4 ga Satumba 2023, kilomita 13 tasha biyar, da lantarki yake aiki, kuma niyyar a kaishi Okokomaiko. Red Line kuma da ya biyo ta ƙofar gidanku, Agbado zuwa Oyingbo ta Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba, an ƙaddamar dashi a Fabrairu 2024 ya fara haya a Oktoba, shi da dizal yake tafiya a kan hanyar babban reluwe. Waɗannan biyun ba taram bane, tunda basa haɗa hanya da mota, don haka in ance sune na farko a irinsu ba'a yi kuskure ba, amma ba sune jirgin fasinja na farko a cikin garin ba.

Amfaninsu lissafi ne mai sauƙi. Mutum dubu in zaka kwashe su a danfo mai cin 14 kana buƙatar mota 70 da 'yan kai, kowacce da hayaƙinta da tsayawarta, jirgi kuwa sahu ɗaya ko biyu ya gama dasu. Ranar da na fara hawa daga Mile 2 na danna katin biyan kuɗi na Cowry na shiga, muna kan gadar sama wajen National Theatre ina leƙen motoci a ƙasa sun yi cirko-cirko, kafin in gama amsa waya mun iso Marina, tafiyar da na sha yin awa biyu a kanta, wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Amma tsorona har gobe shine ciwon 1914. Gina layi yana da wanda zai yanka ƙyalle a ɗauke shi hoto, canja ƙafafun tarago da gyaran na'urar sigina bayan shekara goma ba mai ɗaukar hotonsa, kuma kusan ko'ina a duniya kuɗin tikiti kaɗai baya ɗaukar wannan nauyi, sai gwamnati ta ware kaso duk shekara ko kuma a yi irin na Hong Kong inda kamfanin jirgin yake gina shaguna da gidaje a kan tashoshinsa yana cin haya. Addis Ababa ta buɗe nata a 2015, ba'a jima ba taragu da yawa suka kwanta saboda rashin kayan gyara. Na Abuja an buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, sai 2024 aka farfaɗo dashi. Shi yasa ni in naji ana maganar sabon layi, ko a Legas ko a Kano ko Kaduna, tambayata ta farko ba nawa za'a kashe a gina ba, a'a wa zai biya kuɗin gyara, ina garejin yake, yaranmu nawa aka koya wa aikin, kuma wace mota ce zata ɗauki mutum daga tasha zuwa gida.

In kana cewa ko za'a iya dawo da taram irin na da a cikin tsibiri, za'a iya, Kasabalanka da Rabat da Aljiyas duk sun gina sababbi daga 2011 zuwa 2012 kuma suna aiki, amma sharaɗin sai an hana mota da 'yan kasuwa hawa kan layinsa, in ba haka ba zai maƙale a Idumota kamar kowace danfo, kuma shi ba ya iya kaucewa.

In ka samu ranar Lahadi da kasuwa ba cika, ka hau Blue Line ka sauka Marina, ka taka da ƙafa ta bakin CMS ka shiga Ereko da Idumota ka fito Ebute Ero ka haye Carter zuwa Iddo, kusan hanyar tsohon jirgin kenan ka bi, duk da gadar ba ta asalin bace an sake gina ta kuma dogon an daɗe da cire shi. Daga nan ka ƙarasa harabar reluwe ta Ebute Metta ka tambayi Jaekel House, tsohon gidan Turawan reluwe ne da aka mayar ɗan gidan tarihi, akwai tsofaffin hotuna da kayan aikin jirgi a ciki. Ka gaida min Baba, kuma ka tambaye shi a bakin wa ya ji labarin, in iyayensa da jirgi suka zo daga Arewa to wataƙila a Iddo suka sauka, ina son jin abinda suka faɗa masa.